DILLALIN DA ZAI YI ƘARYA DOMINKA, GOBE KAI ZAI YI WA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da ɗaya daga cikin malaman 'yan uwa ya gabatar wa matasa a wajen karatun mako-mako a garin Kura. Musabbabin jawabin kuwa tambaya ce da wani ɗan uwa daga Bunkure ya miƙa a rubuce, cewa gidan gadonsu ya kusa shekara a hannun dillali bai sayu ba, ga mahaifiyarsu da ƙannensa marayu suna jiran rabonsu. Shin ya halatta ya karɓe cinikin ya bai wa wani? In ya halatta, wane irin dillali zai nema?

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzon Allah (S.A.W.), Malam ya fara da cewa dillanci halattacciyar sana'a ce. Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa magabata irin su Ibn Sirin da Hasanul Basri ba su ga laifinsa ba. Ya ce amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya shigo Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ta yi daraja. Shinkafa da tumatir suka jawo kuɗi, kuɗi suka jawo dillalai, na kirki da na banza. Don haka wajibi ne matashi ya san hukunci kafin ya shiga ciniki.

Malam ya ce abu na farko shi ne a duba irin alkawarin da aka ƙulla da dillalin farko. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya bambanta iri biyu. Akwai jinga, wato a ce in ka sayar ga la'adarka. A nan ba a yanka wa'adi, kuma dillali ba shi da komai sai aiki ya kammala. Akwai kuma ijara, wato a ɗauke shi aikin talla na ƙayyadadden lokaci a kan ƙayyadadden lada. A nan in wa'adi ya cika sai an biya shi, ko da gidan bai sayu ba. Ya ce yawancin dillancinmu nau'in farko ne. To amma a je a same shi ido da ido, a gaban shaidu, a yi sallama, a karɓo takardu. In kuwa akwai mai sayen da shi ya kawo, ba ya halatta a zagaye ta baya a ƙulla ciniki da mutumin don a hana shi la'adarsa. Wannan ha'inci ne, ko da mai yin sa yana sahun gaba a masallaci.

Abu na biyu, in ji Malam, mai gida ya binciki kansa, don ba kullum laifin dillali ba ne. Wataƙila kuɗin da aka yanka ya wuce kima, duk tayin da aka yi sai a ce albarka. Wataƙila gidan yana kusa da kanal, danshi yana cin katanga, kowa ya zo ya gani sai ya juya. Wataƙila lokacin ne bai dace ba, domin kuɗin mutanen nan yana bin amfanin gona. Ya tunatar da shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir; a irin wannan shekara wa ke da kuɗin sayen gida? Wataƙila kuma takardu ne ba su cika ba, ko wani magaji bai yarda ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, mai hankali ba zai zuba dukiyarsa a gidan da babu takarda ba. Rabon maraya kuwa ba a sayar da shi sai da izinin wasiyyi ko alƙali.

Daga nan Malam ya zo kan zaɓen sabon dillali. Ya ce aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta tara sharuɗɗan wanda za a ɗauka aiki cikin abu biyu: iyawa da amana. Iyawa ita ce ya san unguwar, ya nuna maka gidajen da ya taɓa sayarwa, ka je ka tambayi masu su da mai unguwa. Amana kuwa, ya ce, ga yadda ake gane ta: ka nuna masa aibin gidan ka ji me zai ce. In ya ce a shafa siminti a rufe, a yi shiru, tashi ka bar shi. In ya ce zai kawo abokansa su riƙa taya gidan da tsada don a ruɗi mai saye, wannan shi ne najashi, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi. Wanda ya yi ƙarya dominka yau, gobe kai zai yi wa. Zai sayar da tsada ya ce maka da arha aka saya. Wanda kuwa ya dube ka ya ce kuɗin nan ya yi yawa, ka rage, riƙe shi, ko da maganar ta yi maka ɗaci.

Malam ya ƙara da cewa a rubuta komai: kuɗin gida, la'ada da wanda zai biya ta, da hannun da za a danƙa wa kafin alƙalami. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu a ciniki. Ranar ciniki kuma mai gida da mai saye su haɗu da kansu.

A ƙarshe ya ja hankalin matasa cewa ba ya yiwuwa mu riƙa la'antar zaluncin mahukunta da rana, da dare mu ɓoye wa ɗan uwanmu ruɓaɓɓiyar katanga. Ya shawarci mai tambayar da ya tara magada tukuna, su yi magana ɗaya, sannan ya nemi dillali. Daga nan aka yi addu'a aka tashi.