A Sa Ido Tun Kafin A Sa Hannu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai

 

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka sha fama da mu, Allah ya saka muku da alheri, da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. An ba ni minti 15 in yi magana a kan gyaran gine-ginen makarantu da asibitoci, da inda ya kamata mutanen gari su shigo cikin al'amarin. Tun da malaman da suka hore mu a kan makara suna zaune a gaba, ba zan wuce lokaci ba.

Jama'a, yawancin ɓarnar da muke kuka da ita a aikin gyara tun a kan takarda ake gama ta, watanni kafin tifa ta sauke yashi. Ranar da aka zauna a ofis aka rubuta abin da za a gyara da abin da za a bari, ranar aka yanke hukunci. Mu kuwa sai ranar yanka kirtani ake gayyatar mu, mu tafa, mu sha lemo, mu watse.

Da yawa daga cikinmu mun tuna allunan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur da gwamnatin Janar Abacha ta kafa a 1994, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta. An gyara hanyoyi da makarantu da asibitoci, an kawo magunguna, babu mai musun wannan. Amma a ganina tsarin daga sama ya sauko, mutanen gari 'yan kallo ne, shi ya sa da aka rushe asusun a 1999 ba a bar wa kowa a ƙasa alhakin kula da abin da aka gyara ba. Sa'an nan akwai asusun harajin ilmi na 1993, wanda a da yake taɓa kowane mataki na karatu. A 2011 aka mai da shi TETFund, ya koma na manyan makarantu kaɗai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma wannan na firamare ne da ƙaramar sakandare, kuma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa. To, kun ga babbar sakandare irin tamu galibi kasafin kuɗin jiha ta dogara da shi, in an tuna da ita sau ɗaya, ba a san ranar da za a sake ba. Kuɗin da ba ya zuwa kullum bai kamata a bar shi ya tafi a fenti ba.

Na ce fenti da gangan. Ɗan kwangila yana son fenti domin yana da sauri, ɗan siyasa yana son sa domin yana fita a hoto. Amma duk maginin kirki zai gaya muku gini daga sama da ƙasa yake mutuwa: kwano ya yi yoyo, silin ya jiƙe, gara ta cinye katako, ruwa ya kwanta a gindin bango har harsashi ya motsa. Wanda ya shafa fenti a kan wannan, ya yi wa gawa kwalliya ke nan. A ranar 12 ga Yuli, 2024, benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a unguwar Busa Buji a Jos, ɗalibai suna ciki, aƙalla mutum 22 suka rasu. Allah ya kiyaye na gaba. Irin wannan ne ya sa ake fara aiko injiniya ya duba lafiyar gini kafin a yi maganar ƙawata shi.

Saboda haka akwai takardar da nake roƙon mu saba da ita, wato takardar ƙiyasin kayan aiki. A cikinta ake rubuta buhun siminti nawa, bandir ɗin kwano nawa da kaurinsa, rodi mai milimita 16 ne ko mai 12, bulo mai inci 9 ne ko mai 6. In ba ka ga wannan takarda ba, to ba sa ido kake yi ba, yawon buɗe ido kake yi a wurin gini. A cikin ɗakin nan akwai injiniyoyi da masu zanen gini da akantoci da lauyoyi, wannan makaranta ce ta yaye su. Awa 2 ta ishi ɗayansu ya gano inda aka rubuta taga 40 a ginin da tagoginsa 24 ne.

Kada wani ya ce ba mu da hurumi. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC, kuma tsofaffin ɗalibai suna da kujera a cikinsa tare da iyaye da mai unguwa da masu sana'ar hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta ya nemi takardun aikin gwamnati, a amsa masa cikin kwana 7. Ina tambaya, wa ke zaune a kujerarmu a wannan kwamiti, kuma yaushe ya kawo mana rahoto?

Haka abin yake a asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma kashi 15 cikin 100 na wannan asusu na gine-gine ne da kayan aiki da sufuri. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da aka ɗora wa kula da ƙaramin asibitinta. Sai dai kwamitin maza ne galibi, alhali mata da yara ne suka fi zuwa. Ku tambayi ungozoma abin da take so, za ta ce ruwa a ɗakin haihuwa, da wuta da dare, da firji mai aiki da hasken rana don allurar rigakafi, da bayan gida mai ƙofa. Ba ta taɓa neman katafariyar ƙofar shiga mai ɗauke da sunan wani ba. Kuma tun a wajen tsari ya kamata a yanke inda za a riƙa duba marasa lafiya yayin da ake aiki, domin naƙuda ba ta jiran birkila.

Akwai wata 'yar dabara da nake so ku riƙe. Bisa al'adar kwangila, bayan kafin alƙalami da sauran biya, akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har tsawon wata 6, don in aibi ya bayyana ya dawo ya gyara. To ku yi lissafi: in an miƙa gini a Nuwamba, wata 6 ya cika a Mayu, ke nan ya karɓi kuɗinsa ya tafi kafin ruwan Agusta ya gwada rufin. Sai kwamiti ya nemi a rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a saki wannan kuɗi ba sai damina guda ta wuce a kan ginin. Jimla ɗaya ce, amma sai kafin a sa hannu ake iya shigar da ita.

Ya shugaba, roƙona ga wannan taro shi ne kafin mu tashi a zaɓi mutum 5, har da mace aƙalla 1 da ɗaya daga cikin malamanmu da suka yi ritaya. Su zagaya azuzuwa da ɗakunan kwana da ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin shan magani tare da shugaban makaranta, su jera abin da ya fi gaggawa, su kai wa ma'aikatar ilmi a rubuce kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi, su aje kwafe a hannun sakatare. Ni na ba da sunana a cikin masu zagayen.