Wa Zai Riƙe Su Bayan Iyayensu?

Jawabin da ma'aikatan sashen taimakon naƙasassu suka yi a taron dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata

 

A kusan kowace ikkilisiya da muka ziyarta akwai tsohuwar da ke riƙe da ɗa ko 'ya mai shekara talatin ko arba'in wanda aka haifa da raunin fahimta. Yana iya ɗebo ruwa, yana iya kiwon awaki, amma ba ya iya lissafin kuɗi, ba ya iya zuwa asibiti shi kaɗai. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma aikin aljanu ba ne. Tambayar iyayen ɗaya ce: in na mutu wa zai riƙe shi? Shi ya sa waɗansu dattawa suka kawo shawarar a gina ƙaramin gida a zuba masu kula. Shawarar tana da kyau. Amma kafin a buga tubali ko ɗaya, muna so ku ji abin da ya faru a Birtaniya, inda suka riga mu bin wannan hanya.

Da can a manyan asibitoci suke tara irin waɗannan mutane, ɗaruruwa a wuri ɗaya. Bayan binciken 1969 ya tona zaluncin da ake yi a asibitin Ely na birnin Cardiff, aka shiga rufe su sannu a hankali, ana mai da mutanen ƙananan gidaje a cikin unguwa. Mutane da yawa sun sami sauƙi ƙwarai. Amma ƙanƙantar gida ba ta kashe mugunta ba.

A 2011 wani ɗan jaridar BBC ya shiga aiki da ɓoyayyar kamara a Winterbourne View kusa da Bristol, wuri mai gado 24 kawai. Aka ga ma'aikata suna marin mutane, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna kwara musu ruwan sanyi. Ma'aikata 11 suka amsa laifi a kotu, aka ɗaure 6 a 2012. Ba rashin kuɗi ba ne, gama ana biyan kimanin fam 3,500 kowane mako a kan mutum ɗaya. Ku lura da abu biyu. Ba a barin iyaye su shiga ɗakunan kwanan 'ya'yansu, sai a tsayar da su a ɗakin baƙi. Kuma wani babban nas ya riga ya kai ƙara wurin shugabanni da hukumar da ke duba irin waɗannan wurare, ba a kula shi ba.

Wani zai ce ai kamfanin neman riba ne. To, Mendip House a Somerset ƙungiyar jinƙai ce take riƙe da shi, mutum 6 ne kawai a ciki. A can ma aka sami ma'aikata suna tilasta wa wani cin barkono, suna kuma sayen abincin kansu da kuɗin mazauna gidan, har aka rufe shi a 2016. Mu ma kada mu buga ƙirji. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta sami mutane ɗaure da sarƙa a wuraren addu'a a Nijeriya, har da na Kirista. Rubuta sunan Yesu a bakin ƙofa ba ya hana mai kula da ya gaji, wanda ba a biya shi ba wata uku, ɗaukar bulala.

Akwai kuma sakaci, wanda ba ya barin tabo a jiki. Connor Sparrowhawk, saurayi ɗan shekara 18 mai farfaɗiya, ya nutse a bahon wanka a wani sashen asibiti a Oxford a 2013, domin an bar shi shi kaɗai. Da yawa cikin 'yan'uwanmu masu raunin fahimta suna da farfaɗiya. Mu nan rijiya muke da ita, da rafi, da murhu.

Don haka duk ikkilisiyar da za ta nemi hannunmu, ga abin da za mu tambaya. Gidan yana cikin gari ne, inda maƙwabta za su ji kuka, ko a bayan gari? Uwa ko ƙanwa za ta iya shigowa kowane lokaci ba sanarwa, har ɗakin kwana? Mace ce ke yi wa mace wanka? A wannan ba ma sassauci, gama matan nan su ne aka fi lalatawa, kuma in sun faɗa ba a yarda da su. Wa ke rubuta maganin farfaɗiya da aka ba da kowace rana? Daga ina albashin masu kula zai fito bayan baikon bikin buɗewa ya ƙare? Kuma in mai shara ta ga abin da bai dace ba, wurin wa za ta kai in ba wurin mai riƙe da gidan ba?

A ganinmu, a yawancin ƙauyuka ba gini ake bukata tukuna ba. Taimakon ɗan'uwan da ya yarda ya riƙe mutumin, da hatsi da kuɗin magani da masu karɓarsa ran kasuwa, ya fi araha, kuma mutumin yana nan cikin waɗanda suka san sunansa. Muna roƙon kowane magatakarda ya rubuto mana yawan irin waɗannan 'yan'uwa a ikkilisiyarsa, da shekarun wanda ke riƙe da kowannensu, kafin taronmu na bayan girbi.