Yadda ake tsare cuta a bakin teku

 

Yau hirarmu ta shafi teku. Watakila ka ce: mine ne ya haɗa Bakurfaye da teku? To, duba gidanku. Kowace shekara bayan girbi, samari suna tafiya biɗa Kwatano, ko Akara, ko Abijan, ko Ikko. Duk garuruwan nan suna bakin teku. Jirgin ruwa yana kawo kaya. Wani lokaci yana kawo cuta.

Tun da daɗewa mutane suka gane haka. A shekarar 1377, wani gari na bakin teku a ƙasar Turai, mai suna Raguza, ya kafa doka. Duk wanda ya fito daga inda ake annoba, sai ya zauna waje guda kwana 30 kafin ya shiga gari. Daga baya aka mai da shi kwana 40. Daga arba'in ɗin nan aka samu kalmar karantin. Ma'anarta killace mutum.

Mine ne amfanin jira? Cuta ba ta nuna kanta ranar da ta kama mutum. Sai ta yi kwanaki cikin jiki. Idan an jira, mai cuta zai bayyana, mai lafiya kuma ya wuce.

Akwai wata muguwar annoba da ɓera ke kawowa. Ɓera yana ɓoyewa cikin buhunan jirgi. Ƙuma tana cizon ɓera, ta koma ta ciji mutum. Cutar ta shiga Akara a 1908. Ta shiga Dakar a 1914. A 1924 ta faɗa Kumasi da Ikko. Shi ya sa ake sa wani faifan ƙarfe ga igiyar da ake ɗaure jirgi, don kada ɓera ya bi igiya ya sauka.

Amma talakawa sun sha wuya lokacin nan. A Dakar, Turawan mulkin mallaka sun ƙone bukkokin baƙar fata, suka kwashe mutane zuwa sabuwar unguwa mai suna Madina. A Kumasi an rushe tsohon zango, inda baƙi irinmu suke sauka. Wannan ya sa mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiya. Ɓoyewa kuwa tana ƙara yaɗa cuta.

Alhazanmu na dā su ma sun san karantin. Suna tafiya Makka da ƙafa, ta Cadi da Sudan, wata da watanni, wasu har shekaru. In sun kai Sawakin, bakin Bahar Maliya, sai a yi musu lamba, a tsare su kwanaki, sannan su ƙetare zuwa Jidda. Dalili shi ne, a 1865 cutar amai da zawo ta kashe dubban alhazai a Makka, kuma jiragen ruwa suka kai ta Masar da Turai.

Cutar amai da zawo ta zo Afirka ta Yamma a 1970. Ta fara daga ƙasar Gine. Ta bi bakin teku, ta bi kogin Kwara, har ta iso Nijar. Ka ga ke nan, abin da ya sauka bakin teku yana iya kawowa ƙofar gidanka.

Yau ba a tsare jirgi kwana 40. Likita yana bincika jirgi da takardunsa. Babban makami shi ne riga-kafi. Da lamba aka gama da agana: mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga wani cikin gari, a 1977 ne, a Marka, bakin tekun Somaliya. A 1980 aka sanar duniya agana ta ƙare.

To ɗan'uwa, ga abu uku da za ka riƙe.

Na ɗaya: kafin tafiya, je likita a yi maka allurar shawara, a ba ka katin nan mai ruwan ɗorawa. Tun 2016, allura guda ta ishe ka har iyakar rayuwarka.

Na biyu: kada ka sayi kati a tasha ba tare da allura ba. Takarda tana iya ruɗin ɗan sandan iyaka, amma ba ta ruɗin sauro.

Na uku: in ka komo daga tafiya da zazzaɓi, ko amai da zawo, kada ka kwanta cikin ɗaki ka yi shiru. Je likita nan da nan, ka faɗi inda ka fito.

Yanzu ka iya karatu. Ɗauko katinka, ka karanta sunanka da ranar allura da kanka. Ka karanta ma maƙwabcinka nasa. Riga-kafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya. Sai sati mai zuwa.