Ilimin Ƙera Motocin Tsere a Ƙasar Ingila



Da yawanmu idan muka ga tseren Formula 1 a talabijin, direba muke yabo, alhali tun a ɗakin zane ake ƙulla nasarar. Adrian Newey, wanda motocin da ya zana suka ciyo wa Williams da McLaren da Red Bull kambu, ilimin ƙera jiragen sama ya karanta a Jami'ar Southampton, ya kammala a 1980. Dalili kuwa, fiffiken motar tsere na jirgi ne aka kife: iskar da ke ɗaga jirgi sama ita ke danne mota ƙasa, tayoyi su riƙe kwalta a kwana.

Jami'o'in Cranfield da Oxford Brookes suna koyar da wannan fanni. Sai dai horon da ya fi burge ni shi ne gasar Formula Student, wadda aka fara a 1998, yanzu ake yin ta a filin Silverstone. Ɗalibai ke ƙera motar da hannunsu. In ta fetur ce, doka ta ce duk iskar da injin zai shaƙa ta bi ta ƙofa mai faɗin milimita 20 kacal. Nan ake gane gwani, wajen saita mai da iska da lokacin tartsatsin fulogi. Alƙalai kuma sai sun bi diddigin kuɗin ƙirar.

To iyaye, yaron da ke kwance janareto a gida, a duba makinsa na lissafi da fiziks tun yana sakandare, domin da su ake shiga digirin injiniya. Cranfield ma sai mai digiri take ɗauka.