Inda Sama Ta Sadu Da Dutse: Lacca Kan Gyaran Hoto A Ƙasar Rano

Iyayena da malamaina da ke zaune a gaba, ina neman izininku. Ƙannena masu riƙe da waya da kyamara, yau da ku zan fi yin magana.

Wani yaro da nake koya wa aikin hoto ya taɓa kawo mini hoton da ya ɗauka a hanyar Kibiya. Dutse a baya, gona a gaba an yanke dawa sai kara a tsaye, ga wani gawo a tsakiya ya cika da ganye shar. Da yake cikin hunturu ya ɗauka, samaniyar ta fito fari fat kamar takarda. Abin bai yi masa ba, sai ya cire ta, ya ɗora wata da ya samo a manhaja, wadda baƙin hadari ya haɗo a cikinta irin na tsakiyar Agusta. Aikin ya yi tsabta, har na yaba masa. Kawuna yana zaune a gefe, manomi ne da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya karɓi wayar, ya ƙura mata ido, ya ce: "Ɗana, a wace ƙasa ce gawo ke riƙe ganyensa har marka ta same shi?" Yaron ya yi shiru. Duk wanda ya tashi a nan ya san gawo da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya tofo.

Matsalar da ta kai yaron ga wannan aiki ta girmi kakanninmu. Idon mutum yana iya ganin hasken sama da duhun gindin dutse a lokaci guda, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. In ka ba ƙasa haƙƙinta sama ta ƙone, in ka ba sama nata ƙasa ta dushe. Tun a shekarar 1857 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya yi fama da wannan a gaɓar Bahar Rum, a garin Sète. Sai ya riƙa ɗaukar teku a farantin gilashi ɗaya, gajimare a wani, ya haɗa su a takarda guda wajen wanki. Daga baya masu bincike sun gano gajimare iri ɗaya a hotunansa daban-daban. Abin da ya ci masa kwanaki, yau ɗan yatsa ke yin sa: manhajar Luminar ta kawo sauya samaniya da dannawa ɗaya a 2019, Photoshop ya biyo baya a 2020, yanzu kuma har ƙananan manhajojin waya suna yi. Cire samaniya ya zama wasan yara. Zaunar da sabuwa yadda za ta yi kama da a nan aka haife ta, wannan ne aikin da ya rage wa mai ido.

Mu mutanen Rano bai kamata launin shuɗi ya ba mu wahala ba. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ake kira sarakunan baba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga yadda marini ke tsoma zane ya ɗago, iska ta buge shi ya juye daga kore zuwa shuɗi, ya sake tsomawa ya ƙara duhu. Shuɗin tsomi ɗaya daban, na tsomi goma daban. Haka samaniya take. In kun fita ku ɗaga kai: saitin kanku ta fi duhu, tana gangarowa tana kodewa, har inda ta taɓa ƙasa ta koma kusan fari, saboda hasken da ke zuwa daga can ya ratso iska mai yawa da ƙura mai yawa kafin ya iso idonku. Kuskuren da na fi gani a hotunan 'yan'uwanmu shi ne shuɗi guda ɗaya tun daga sama har bakin dutse, kamar an shafa fenti a bango. Maganinsa, a sa sabuwar samaniyar ta riƙa dushewa sannu a hankali tana gangarowa, a bar ɗan farin tsohuwar yana leƙowa a ƙasa-ƙasa. Wannan ɗan farin da kuke ƙyama, shi ne zaren da ke ɗinke sama da ƙasa.

Ga kuma hazo. Ƙurar da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta. Ita ke sa dutsen da ke kusa ya yi duhu, na bayansa ya yi toka-toka, na can nesa ya zama kamar inuwa. In duwatsun hotonka sun sha hazo haka, ka ɗora musu samaniya garau wadda ruwan sama ya wanke, to ka aurar da waɗanda ba su san juna ba. Ko mai kallo bai iya faɗin abin da ya dame shi ba, zuciyarsa ba za ta kwanta da hoton ba.

Batun haske ba ya buƙatar dogon bayani. Ka duba inda inuwar bishiya ta faɗi, ka duba gefen gajimaren da rana ta haska. In sun saɓa, ka juya samaniyar ko ka nemi wata. Ƙasar hantsi ba ta karɓar samaniyar la'asar sakaliya. Kuma ƙasa tana aron launi daga sama: kwanon rufi, fuskar dutse, farar riga, duk suna ɗauka. Wanda ya ɗauki hoton ruwan madatsar Tiga ya sauya sama ya bar ruwan da tsohon launinsa, ruwan ne zai tona masa asiri.

Inda haƙuri ke ƙarewa shi ne bakin abubuwa. Dutse mai sauƙi ne, gefensa a fili yake. Amma ku gwada kuka da rani, rassanta tsirara kamar yatsu, ko ganyen giginya, ko wayar lantarki da ta ratsa hoton. Manhaja takan cinye ƙananan rassa, ko ta bar wani farin layi kewaye da bishiyar kamar an zagaya ta da alli. A nan sai ka faɗaɗa hoton sosai, ka ɗauki burushi mai laushi, ka rage masa ƙarfi, ka bi gefen a hankali, kada ka manta da ƙananan ramukan da ke tsakanin ganye, inda tsohuwar samaniya ke maƙalewa. Nakan shafe fiye da sa'a guda a kan bishiya ɗaya, kuma ban taɓa ganin na yi asarar lokacin ba.

Duk da haka, shawarata ita ce ku rage wa kanku aiki tun a gona. Ku kafa wayar a kan dutse ko abin da ba ya motsi, ku ɗauka sau biyu ba tare da kun gusa ba, ɗaya ku taɓa sama a fuskar wayar haske ya daidaita a kanta, ɗaya ku taɓa ƙasa. Da kun haɗa su, samaniyar wurin ce da ƙasar wurin, a minti guda, babu gawon da zai ƙaryata ku. Sannan ku tara taku samaniyar. Waɗanda ke zuwa cikin manhaja an ɗauko su ne a wasu ƙasashe masu wata iska da wani haske. Mu muna da hadarin gabas da ke tasowa baƙi ƙirin da yamma, muna da jar rana ta hunturu wadda ake iya kallonta ido da ido, muna da tarin farin gajimaren ƙarshen damina. Ku ɗauke su, ku rubuta wata da lokaci da kusurwar da kuka fuskanta.

Akwai iyakar da nake roƙon ku da Allah kada ku tsallake. Hoton ango da amarya, ko na kalanda, ko na ado a ɗaki, kowa ya san ana yi masa kwalliya. Hoton labari da na shaida kuwa amana ne. A watan Agustan 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya rabu da wani mai ɗaukar masa hoto, Adnan Hajj, saboda ya ƙara hayaƙi a samaniyar birnin Beirut lokacin yaƙi, ya kuma janye hotunansa 920 daga rumbunsa. Idan ambaliya ta ci gonakin mutane a ƙauyenku aka ce ku ɗauko hoto a kai wa hukuma, ko kuna ɗaukar hawan salla don a ajiye wa jikoki, ku daidaita haske in ya yi yawa, ku bar samaniyar ranar yadda Allah ya saukar da ita.

Na ga wasunku sun zo da hotunansu. A miƙo mini wanda ke da kuka a ciki, mu fara da shi.