Damasak ta fi Rum kusa da mu

Maigari, malamai, ƴan uwa mutanen Yébi. Bari in shiga magana.

Masu karantar da tarihi a cikinku sun san Runduna ta Uku ta Agusta, wadda Rumawa suka girke a arewacin Afirka. Ta yaƙi Takfarinas daga shekara ta 17 zuwa 24, ta yi zama a Lambesis cikin Aljeriya ta yau, ta gina sansanin Bu Njem a hamadar Libiya a 201, aka watsa ta a 238, aka sake tara ta a 253. Ba ni da ja a kan wannan. Rigimata da wasu abokan aiki ita ce nacin da suke yi cewa Rumawa sun sha ruwan Tafkin Cadi. Hujjarsu wani Yuliyus Maternus ne, wanda ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu daga Fezzan zuwa Agisimba, ƙasar karkanda. Rakiya ya yi, ba runduna ya ja ba, kuma har gobe masana ba su daidaita a kan inda Agisimba take ba.

Alhali ga rundunar da ta yi yaƙi a bakin wannan kogin namu na Komadugu, kuma limaminta ya rubuta labarinta. Imam Ahmad bn Furtu ya bar mana littattafai biyu a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma, ɗaya a 1576 kan na Borno, ɗaya a 1578 kan na Kanem da Bulala. Akwai Amsaka a ciki, akwai Kano, akwai Abzinawa, akwai ƴan bindiga Turkawa.

Amma ni kullum Damasak nake komawa, ga ta nan ƙetaren Komadugu. A wancan zamani mutanen Sau Gafata ne ke riƙe da wannan kwari, cikin kurmi mai duhu da doki ba ya iya ratsawa. Mai Idris bai tsaya neman arangamar yini ɗaya ba. Gari ya gina kusa da Damasak, mai ƙofa huɗu, kowace da mai tsaronta, ya zaunar da dakaru, aka kira wurin Sansana. Ku saurari sunan da kyau, ku tuna da kalmarmu ta sansani. Da rani a sare itatuwa, maɓoya ta tafi. Da damina a lalata shuka tun ba ta nuna ba. Shekara ta zagayo a sake. Gatari da yunwa ne suka ci Sau kafin mashi ya kai gare su, waɗanda suka saura kuma aka kwashe su bayi. Ba yabo nake yi ba. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairu 2015, lokacin da cinikin tattasai da bandar kifi suka tsaya cak, buhuna jibge a tsakar gida ba mai saye, mun san abin da ake nufi da raba manomi da bakin kogi. Yaron Yébi zai gane wannan babi fiye da ɗalibin Faris.

Za a ce tsarin karatu ya cika, ba wuri. An samu wa Rum wuri ai.

Abin da nake kira a kai shekara da shekaru bai sauya ba. A fassara Ibn Furtu daga Larabci kai tsaye zuwa Barbarci da Hausa, ba ta hannun fassarar Palmer ta 1926 ba. Jami'ar Diffa ta riƙa kai ɗalibanta kufan Garumele kusa da N'gigmi, su ɗauki jan tubalin nan da hannunsu kafin ya ƙare. Ku kuma malamai, kada ku jira takarda daga Yamai. Ku fara da ajinku ranar Litinin.