Jawabi Ga Direbobi Da Makanikan Yashe: Haɗuwar Waya A Cikin Mota

Yashe, a Ƙaramar Hukumar Kusada, tana bakin babbar hanyar Kano zuwa Katsina, motoci kuwa ba su yankewa a wannan hanya dare da rana. Saboda haka ya kamata kowane direba da yaron mota su san wani aibi wanda kan ƙone mota ƙurmus, watau haɗuwar waya.

Ga yadda abin yake. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, na yawancin manyan motoci kuwa 24. Wuta takan fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya zuwa fitila ko ham, sa'an nan ta komo ta ƙarfen jikin motar, gama kan batir mai alamar ɗebewa a jikin motar aka ɗaure shi. To, in robar da ta lulluɓe waya ta goge har tagullar ta taɓa ƙarfe, sai wutar ta yanke ta nan, ba abin da zai tare ta. Ƙwan babbar fitila mai wat 55 bai cika jan amfiya 5 ba, amma wayar da ta haɗu tana iya jan ɗaruruwa. Nan da nan sai ta yi ja, robar ta kama wuta.

Domin wannan ne aka yi fis. Shi ɗan siririn ƙarfe ne wanda ke narkewa kafin waya ta yi zafi. A motocin yanzu launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In fis ya ƙone, aka sa sabo, shi ma ya ƙone, lalle akwai haɗuwa. Waɗansu direbobi kan cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, ko su sa wanda ya fi shi ƙarfi. Mai yin haka ya kori mai gadi ya bar ɓarawo a cikin gida.

Neman wurin haɗuwar ba shi da wuya, haƙuri kawai yake bukata. A cire fis ɗin da ya ƙone, a kashe dukkan abin da yake ba wuta. A samo ƙwan fitila mai wayoyi biyu, a sa su a ramukan nan biyu na fis ɗin, a murɗa makulli. In ƙwan ya kama sosai, haɗuwar tana nan. Sai a riƙa zare mahaɗan wayoyin layin ɗaya bayan ɗaya, ana motsa wayar da hannu. Inda ƙwan ya mutu, nan aibin yake.

A fara duba inda waya ke shan wahala: wajen maƙalar ƙofa da murfin but, da ramin da take bi daga inji zuwa cikin mota, da kusa da salansa. Girgizar hanyoyin ƙauye tana goge waya, ruwan damina yana shiga mazaunin fitila, ɓera kuma kan ci roba, balle a motar da ke ɗaukar hatsi. A lura ƙwarai da rediyo da ƙarin fitilu waɗanda aka jona kai tsaye da batir ba tare da fis ba.

In an gano wurin, kafin a taɓa kome, a kwance kan batir mai alamar ɗebewa. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa daga ƙarshe, don kada sifana ta yi tartsatsi. A yanke inda ya ƙone, a jona waya mai kauri daidai da ta farko, a like da dalma, a naɗe da tef na lantarki, a ɗaure ta nesa da kaifin ƙarfe. Sa'an nan a sa fis mai lamba daidai da wanda ya ƙone.

Akwai wayoyin da ba na kowa ba ne. Masu ruwan lemo a motoci masu tafiya da lantarki suna ɗauke da wutar da ke kisa. Na kwamfutar mota da na jakar iska kuwa ba a gwada su da ƙwai. Waɗannan sai gwani.

In direba ya ji ƙaurin roba yana cikin tafiya, ya tsaya, ya kashe mota, ya fitar da fasinja tukuna. In wuta ta tashi, a yi amfani da tukunyar kashe gobara ko rairayi, kada a zuba ruwa a kan fetur. Kuɗin fis kaɗan ne, ran fasinja kuwa amana ne a wuyan direba. Allah ya kiyaye hanya, amin.